Badala Da Soron Gidanmu

'Yan uwana mata, yau kam ba zancen kishiya ko na uwar miji zan yi muku ba, zancen ƙasa zan yi, jar ƙasar nan da ake kwaɓawa a yi gini da ita. Na san wata za ta taɓe baki ta ce to mu ina ruwanmu da gini, ai wannan sha'anin maza ne. Ki yi haƙuri ki bi ni a sannu 'yar uwa, domin kuwa gidan da ake maganar mu ne muke wuni a cikinsa, mu muke share shi, mu muke haihuwa a cikinsa, in kuma ya rufta mu da 'ya'yanmu yake fara dannewa.

Duk wadda ta hau a-daidaita-sahu daga Ƙofar Nasarawa ta miƙa ta Sabuwar Ƙofa, ta wuce Ɗan Agundi da Na'isa da Gadon Ƙaya har ta kai Kabuga, in ta waiga hannunta na dama za ta ga abin da ya rage na badalar Kano. Wani wurin tudun ƙasa ne da ruwa ya zaizaye, awaki na hawa da sauka a kai, wani wurin bola ce, wani wurin kuma katangar wani ce ko jerin shaguna, wani wurin ma ko alamarta babu. Yaran yanzu in kin nuna musu kin ce wannan ce ganuwar Kano sai su dube ki su yi dariya, don su a ganinsu ƙasar da aka juye ce aka manta ba a kwashe ba.

Alhali kuwa abin ba haka ya faro ba. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwar nan. Ki lissafa da kanki ki gani, shekara ɗari tara ke nan. Sarakunan da suka biyo baya suka yi ta ƙara mata faɗi, musamman Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda shi ne kuma ya gina gidan sarki da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato, shi kansa Lugga ya rubuta wa mutanensu a Ingila cewa tsawon ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta daga ƙasa ƙafa 40, kewayenta wajen mil 11. Mutumin da ya zo da bindiga ya ci gari ke nan, amma ya tsaya yana mamakin aikin kakanninmu. Kuma fa babu tifa, babu katafila. Da kwando aka ɗebo ƙasar, a ka aka ɗauko ta, da ƙafa aka cuɗa ta.

Ba wai an gina ta ne an kama gaba ba. Gyaranta aikin gayya ne, in damina ta wuce a raba wa jama'a, kowane ɓangare da inda zai yaɓe. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, in magariba ta yi ya rufe, wanda ya makara sai dai ya kwana a waje. A cikin ganuwar kuma har gonaki aka bari, don ko abokan gaba sun kewaye gari kada yunwa ta sa a buɗe musu. Tun da yaƙi ya ƙare sai gayyar ma ta mutu, daga nan ruwan sama ya fara nasa aikin, mu kuma muka taya shi. Mai gini ya zo da jakai ya yanki ƙasa, mai neman fili ya matso da katangarsa, mai shara ta aiko yaro ya juye. In za mu faɗa wa juna gaskiya, kwandon sharar da ke kan badala ba daga ofishin gwamnati ya fito ba, daga tsakar gidajenmu ya fito.

Ƙofofin ma haka. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa titi, daga baya aka yi wata ta siminti a wurin. Ni ba na musun cewa hanyar ta matse, duk wadda ta taɓa tsayuwa a cunkoson ƙofar gari da mai naƙuda a mota ta san abin da nake nufi. Amma ai ana iya fasa hanya ta gefe a bar tsohuwar ƙofa a tsaye, mutanen da ma sun yi irin wannan dabarar, da gari ya bunƙasa sai suka buɗe Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo. Ita ƙofar simintin tana da tsayi, tana da fenti, ana ɗaukar hoto a gabanta ranar biki, sai dai suna kawai ta gada. Kamar a sa wa jaririya sunan kakarta ne, za a ce mata Hajiya, amma ba ita ce ta yi wa kowa tatsuniya ba.

Tun 2007 Najeriya ta miƙa sunan ganuwar Kano da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki ga hukumar UNESCO, aka sa su a jerin masu jiran a karɓe su cikin kayan tarihin duniya. Suna nan a layin jira. Hawan Sallar Kano kuwa an karɓe shi a watan Disamba na 2024, muka yi ta murna, ta kuwa cancanci a yi. Sai dai ni abin da ya tsaya mini a rai, doki da mahayinsa sun shiga, ƙofar da suke bi da ganuwar da aka yi dawakin don tsaronta suna waje.

To wannan duk maganar manya ce, ta gwamnati da masarauta da masu ilimin tarihi. Bari in shigo da ke cikin lungu inda namu hannun yake kaiwa.

Gidan kakanmu na wajen uwa yana cikin birni, gidan ƙasa ne tun daga soro har makewayi. In kin shiga soron farko a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da kwalta take ƙuna kamar tanda, sai ki ji wani sanyi ya ratsa ki kamar an buɗe miki randa. Kaurin bangon ya isa yaro ya kwanta a kan dokin ƙofa. Rufinsa ɗaurin guga ne, an tankwaro bakuna daga kusurwoyi sun haɗu a tsakiya, an jera azara tsakaninsu kamar saƙar tabarma, a can tsakiyar kuma an manna wata tsohuwar tasa da har yau in rana ta leƙo take ƙyalli. Daga waje ga zankwaye a kan soron, ga indararo, ga zanen dagi a saman ƙofa. Muna yara ba mu ɗauke shi komai ba, wurin wasan 'yar tsana ne da ɓuya. Sai da na yi aure na zauna a ɗakin bulo da rufin kwano, na ji yadda zafi yake sauka a ka tun hantsi, in an ɗauke wuta yara su kwana suna kuka da ƙurajen zafi, sannan na san Iya ba ƙauyanci ne ya sa ta ƙi barin ɗakinta ba.

Ita Iya ce ta koya mini sunan komai. Tubali da hannu ake mulmula shi, ƙasansa da faɗi samansa da tsini, a shanya shi ya bushe a rana. Azara daga giginya ake faso ta, gara ba ta cika iya mata ba. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, ita ke sa bango ya ƙi shan ruwa. Laso kuwa, wanda shi ne simintin mutanen da, katsi ake kwasowa daga ƙasan rijiyar marina, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara. Kin ga ikon Allah, dattin marina da dattin majema shi ne kayan aikin magini, babu abin da ake zubarwa. Shi ya sa in karofi ya mutu ba marina kaɗai ya tafi da su ba. Karofin Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 yake, ki je ki leƙa ki ƙirga rijiyoyin da ke da baba a ciki da waɗanda suka bushe.

Kada kuma wani ya ce miki mata ba su da hannu a wannan tarihi. Baturen Jamus ɗin nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya ba da labarin yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. To wa ya kaɗa zaren? Matan da ke cikin irin waɗannan ɗakuna ne, da magurji da bakan shiɓa da mazari da ɗan allinsu. A ginin ma akwai aikin da namu ne mu kaɗai, wato daɓe. In za a kai amarya, matan unguwa ke taruwa kowa da madaɓinta, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a jeru a durƙushe ana bugu ana waƙa, ana yi wa dangin ango habaici, har ƙasa ta kwanta ta yi sulɓi. Iya ta ce daɓen ɗakinta na amarci wuni biyu aka yi ana yinsa, kuma shi muka tarar. Yau ko ki zaga unguwa guda da ƙyar ki sami mace uku da suka taɓa riƙe madaɓi.

Akwai wata mai karatu da ta taɓa aiko mini da saƙo tana faɗa, wai don me na ajiye tauraruwar wani littafina a gidan ƙasa alhali na ce mahaifinta attajiri ne, wai na ɓata mata labari. Na fahimce ta sarai. An saba a littattafan soyayya in ana son a nuna talauci sai a ce gidan ƙasa, in ana son a nuna daula sai a ce tangamemen gida a Nasarawa mai get da maigadi. Amma 'yar uwa, attajiran da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja da masu tura raƙuma Agadas a gidajen ƙasa suka zauna, wasu har da bene. Sarki ma fadarsa ta ƙasa ce. Rashin gyara ne talauci, ƙasar ba ta yi laifin komai ba.

Ba kuma zan ɓoye aibin gidan ƙasa don ina sonsa ba. Yana zubar da gari a kan jere, ki goge kwanuka da safe kafin la'asar sun yi ƙura. Ɓera yana haƙa shi, kunama tana son tsagarsa. In aka bari indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan rufi, to ranar da zai sauko ba ya sallama. Babu daminar da za ta wuce ba a ji gini ya faɗa wa mutane a cikin birni ba. A watan Agusta na 2023 wani ɓangare na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen shekarun 1830, ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka rasa rayuka. Don haka duk mai cewa a bar tsohon gini saboda tarihi amma ba ta shirya yi masa yaɓe da duba azararsa duk shekara ba, wallahi gara ta bari a rushe. Ran yaro guda ya fi zanko dubu.

Bayan rasuwar Iya da aka yi sadakar arba'in sai maganar rabon gado ta taso, don tun rasuwar kakanmu ba a raba gidan ba saboda tana ciki. Magada biyar ne, maza biyu mata uku, Ummanmu ce ta tsakiya a matan. Kafin a ce me, har mai saye ya fito, wani ɗan kasuwa da yake son ya baje gidan ya yi shaguna a ƙasa da ɗakunan haya a sama. Kawu babba ya ce a sayar a ba kowa nasa, kuma ban ga laifinsa ba, yana da 'ya'ya mata biyu da aka sa wa rana, ga kuɗin makaranta, kasuwa kuma ta ja baya. Kawu ƙarami ya bi bayansa. Ita kuwa Inna babba tun da mijinta ya rasu a gidan take zaune da marayunta, kuma kowa ya san abin da za a ba ta ko fili ba zai saya mata ba sai can bayan gari inda ba ruwa ba asibiti.

An yi zama uku ba a daidaita ba. A zaman farko matan ko uffan ba su ce ba, kin san halinmu, ana magana a soro mu muna daga shigifa muna jiyowa. Da daddare na ce wa Umma, "Umma, ku fa rabonku ba alfarma ba ce, Allah ne ya yanka muku. In an kasa gidan nan kashi bakwai, uku naku ne in kun haɗa kai." Ta yi shiru ta ce, "Ke dai da bakinki. Yanzu ni zan tsaya ina ja-in-ja da Yaya a kan ƙasa?" Na ce ba ja-in-ja ba ne, roƙo ne, ku ce a yanka muku naku a jikin gidan a maimakon kuɗi.

A zama na uku Inna babba ce ta yi maganar, tana yi muryarta na rawa. Ta ce, "Yaya, mu dai mun yi shawara, ba za mu hana ku sayar da naku ba. Amma mu a bar mana gaba, soro da shigifa da ɗakin Iya da rijiya. A soron nan aka ɗaura auren kowannenmu, a nan aka yi wa Baba sallah." Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To wa zai riƙa gyara? Ku kun san abin da magini yake ci yanzu?" Umma ta ce, "Mu za mu yi, Yaya." Aka kira malamin da ke rabon da mai auna fili, aka ja igiya. Mai sayen ya rage kuɗi tun da bai sami bakin hanya ba, wannan kuwa ta sa Kawu ƙarami ya yi wata huɗu ba ya gaisa da Ummanmu. Ba zan ce miki abin ya zo da sauƙi ba, zumunci ya ji jiki kafin ya warke.

Na kawo wannan ne don na san a cikin masu karanta ni akwai da yawa da irin wannan zama yake jiransu. Yawancin tsofaffin gidajen birni ba gwamnati ce take rushe su ba, ranar rabon gado suke mutuwa. Kuma a kowane rabo akwai mata, sau da yawa ma su suka fi yawa, sai dai a kira su a ce ga naku, su sa hannu su karɓa, kuɗin ya tafi a kayan ɗaki da biki, shekara biyu babu gida babu kuɗi. Ban ce kowane gida ne za a iya ceto ba, wani ya riga ya gama lalacewa, wani magadan sun yi yawa har rabon mutum bai fi shimfiɗar tabarma ba. Amma kafin ki sa hannu ki tambaya, ki shiga ki ɗaga kai ki dubi rufin soron, ki nemi 'yan uwanki mata ku yi magana tun kafin ranar zama.

In kina ganin mafarki nake, ki tambayi masu zuwa Agadas. Tsohon garinsu na ƙasa ne, hasumiyar masallacinsu mita 27 ce kuma duk ƙasa, an sa garin cikin kayan tarihin duniya tun 2013, mutane kuma suna zaune a cikin gidajen suna girki suna aurar da 'ya'ya. Ba su fi mu magina ba, ba su fi mu ƙasa mai kyau ba, ruwan samansu ne bai kai namu ba, yaɓen kuma ba su bari ya wuce su ba.

Sannan ga 'ya'yanmu. Muna kai su gidan zu da wuraren lilo ranar sallah, amma mu nawa ne muka taɓa kai su Gidan Makama, ga shi nan daf da gidan sarki? Ginin kansa tun zamanin Rumfa yake, a ciki akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan Kano ta da, har da ɗakin amarya da jerensa irin na kakanninmu. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda aka fara makarantar boko a 1909. Akwai Dala, in ƙafarki za ta iya hawa, daga sama za ki ga birni duka a shimfiɗe, ki ga yadda kwano ya cinye rufin ƙasa saura ɗaiɗai. Da na kai nawa Gidan Makama, babbar ta tsaya gaban wani ƙyaure ta ce, "Mama, wannan ƙaton wa yake iya tura shi?" Har muka dawo gida tana tambaya, da daddare kuma ta sa Inna ta ba ta labarin Sarkin Ƙofa.

Mu yanzu adashi muke yi na soro, mu jikoki mata da iyayenmu, kowa da abin da take zubawa duk wata, kwasa ɗaya ce a shekara, ana yinta kafin ruwan farko. Benen da aka yi a bayanmu ya juyo mana da ruwan rufinsa yana zuba a jikin bangon ɗakin Iya, sai da aka kai magana wurin mai unguwa sannan aka sa bututu. Maginin da yake mana aiki tsoho ne, shi ya yi wa Iya gyara tun muna yara, 'ya'yansa duk sun koma aikin bulo da tayil, da almajirai biyu yake zuwa suna miƙa masa ƙasa. Bana da ya hau ya ƙwanƙwasa rufin shigifa ya ce azara biyu sun gaji, dole a sauya kafin watan Yuni. Ya zaga inda ya saba saye bai sami mai ƙwari ba, duk ɗanyar giginya ce, yanzu an ba wani direba da ke zuwa ƙauye sautu, muna jira.